Neman kalma: me za mu kira irin su Barth da Clapperton?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar Turanci "explorer", wadda ake kiran Turawa matafiya irin su Barth da Clapperton da ita, ita ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Ina koyar da tarihi, na rubuta a allo cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, dā kogin ɓata ya yi?" Da zuciya ɗaya ta yi tambayar. Na tsaya da alli a hannu, na rasa ta cewa.

Ta fi ni gaskiya. A Hausa abin da ya ɓata ko ya ɓuya shi ake ganowa. Ranar da Park ya isa Segu, a ƙasar Mali ta yau, masu fito ya tarar suna ƙetarar da jama'a a kwalekwale. Don haka "mai gano ƙasa" da muke ji a bakin wasu masu fassara, ni na ajiye ta.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, ka sa ɗan yawon buɗe ido ka huta." Ban karɓa ba. Dakta Oudney, abokin tafiyar Clapperton, ya rasu kusa da Katagum a 1824. Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827. Cikin Turawa uku da suka taso daga Tarabulus a 1850, Richardson ya cika a Ngurutuwa ta ƙasar Borno a 1851, Overweg a gaɓar tafkin Chadi a 1852, Barth kaɗai ya koma gida a 1855. Wannan ba buɗe ido ba ne, sai da rai ne.

Wata Hajiya ta ce mu kira su 'yan leƙen asiri. Hajiya, ranki ya daɗe, maganarki da ƙamshin gaskiya. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsu, kuma abin da suka rubuta ya yi wa 'yan mulkin mallaka amfani daga baya. Amma Clapperton ta ƙofa ya shigo, da tsarabarsa, aka sauke shi a wurin Waziri Giɗaɗo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna da shi suka tattauna, har ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taswira. A 1824 Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasarsa, da garuruwa da kogi, sunayen da rubutun Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. To wa ya nuna wa wani ƙasa a nan? Haka ma Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim. Ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya ƙetare Binuwai zuwa Yola, ya kai Tambutu a 1853. Amma hanyoyi da yawa da ke cikin taswirorinsa ƙafarsa ba ta taka su ba. Yakan zaunar da fatake da alhazai yana tambaya: daga wannan zango zuwa wancan kwana nawa, ina rijiya, wane sarki ke da ƙasar? Su faɗa ya rubuta. August Petermann, mai zana taswira a Jamus, ya mayar da bayanan zane. Ban raina ƙoƙarin Barth ba, ko kusa. Ya koyi Hausa da Barbarci, ya yi tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Shi ya sa nake ba da shawarar "baƙon bincike", jam'i "baƙin bincike". Da zarar ka ce baƙo, ka tabbatar akwai mai masauki. Masu masaukin Barth su ne Shehu Umar a Kukawa, da Shehu Ahmad al-Bakkay a Tambutu, wanda ya tsaya wa Barth lokacin da ake neman ransa. Baƙo makaho ne ko da idonsa, sai ɗan gari ya kama masa sanda. Ita kuwa tafiyar da suke kira "expedition" ba ta ba ni wahala ba: "ayarin bincike". Da raƙuma suka zo, da madugu da jagora, ta hanyar da fataken Gadamas suka daɗe suna bi.

Wani Baba ya tambaya, to wanda ya je ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya fa, baƙon wa? Allah ya ƙara girma, ka kama ni. Inda babu ɗan gari, can na yarda a ce "mai gano ƙasa". A nan ne ba ta zauna ba.

Gobe Litinin zan goge allon in rubuta: "A 1796 baƙon bincike Mungo Park ya isa bakin Kwara a Segu." Wanda ke da wadda ta fi wannan, ya kawo mini kafin ƙarfe takwas.