Ɗari Ya Sauka Birnin Shehu

Baffa na Ƙofar Marke:

Assalamu alaikum. Sanyin bana ya hana ni zaman ƙofar gida, sai na ce bari in jefo 'yan baitoci. Amsa-amona "ra" ne. Mai iya bi shi bi, wanda ya ga za shi sarƙe shi kama nashi.

Da sunan Rabbu nika soma zance,
Mai aiko ɗari, Shi bi shi da bazara.

Nuwamba na ƙarewa iska ta juya,
Ta arewa maso gabas, 'yar Sahara.

Na leƙa ƙofar gida da hantsi,
Hasumiyar masallaci ta nutse a ƙura.

Rana ta fito fara fat, ba kaifi,
Ka dube ta ido da ido, ba asara.

Ruwan randa da asuba sai jarumi,
Mai alwala ya ɗau buta shina shawara.

Liman ya taƙaita sura, mun gode,
Tari na amsa tari, sahu na ƙara.

Ni dai abin da ɗari ka tuna mini,
Ɗakin kakata da ƙamshin wutar kara.

Mu kewaye kasko, gwiwa na gugar gwiwa,
Ta ce "ga ta nan", mu amsa, mu saurara.

Yau ga jikoki cike da gidana,
Kowa ya duƙa kan waya, ba mai hira.

Ku da ke yawo cikin gari ku faɗa min,
Gizo ya mutu ne, ko ya yi ƙaura?

Ɗan Mabera:

Wa alaikumus salam, Baffa. Allah shi ƙara girma. Zan bi sawunka.

Baffa, na karɓa da ladabi, amma
Ɗan kabu-kabu shi ka shan jaura.

Kana cikin bargo, shayi na gefe,
Ni babur ya ƙi tashi, sai an tura.

Riga bisa riga, suwaita, hular sanyi,
Rawani na naɗe hanci saboda ƙura.

Wanda bai hau gadar Kwalkwalawa da asuba ba,
Labarin ɗari ya ji, bai ko fara.

Iskar Rima ta daki ƙirji, ido na hawaye,
Ɗan jami'ar da na goyo ya fasa hira.

Batun Gizo kuwa, shina nan da ranshi,
Jiya na kai shi Gawon Nama, ya ce in jira.

Ya shiga lungu wai shi samo canji,
Ashe lungun ya ɓulle, ya bar ni da asara.

Ya sa shadda, ya ɗaura agogo, Baffa,
Tsamin bakin ma ya kai an gyara.

Gwaggo ta Runjin Sambo:

Kai ɗan nan, Allah shi mayar maka da alheri. Malam na Ƙofar Marke, ni ba ni bin "ra" ɗinka har ƙarshe, ƙwar huɗu zan yi. Kuma tunda da rana tsaka nika ambaton tatsuniya, na ɗaure Gizo tukuna, kar wani shi ɓace a kasuwa.

Malam, ka tuna da wutar kara,
Ka mance kwandon da anka tara,
Gyaɗa ce, sai mun ɓare a fara,
Kyauta ba a ba mu tatsuniya.

Kaka na zaune da mazarinta,
Alli a yatsa, auduga gabanta,
Ba ta ko duban abin da ke hannunta,
Kaɗi na tafiya, baki na tafiya.

An kai gero rumbu, an ɗaure dawa,
Aikin gona ya sauka ga kowa,
Dare ya yi tsawo, ba mai gaggawa,
Shi ya sa ɗari ka zo da dariya.

In ta ɗauko Gizo sai ta karya harshe,
Tsamin bakinshi ta riƙe har ƙarshe,
Ƙoƙi na gargaɗi, shi ko ya lashe
Miyar baƙi duka har gindin tukunya.

Hankaki sunka ara mai gashi,
Ɓauren tsakar gulbi sunka kai shi,
Duk wanda ya nuna, ya ce nashi,
Sunka zare gashinsu, sunka yi tafiya.

Daren Ta-kitse mu ja baya ga wuta,
Kishiyoyi sun sa ta girki don mugunta,
Ta narke, ƙanwata na kukan tausayinta,
Kaka ta ce: to, kun ga aikin kishiya.

Wadda ta tsaya ta cuɗi tsohuwa,
Sauran 'yan mata suna ta wucewa,
Ita ta ji sunan, ba ta mancewa,
Daskin-da-riɗi, ta zam amarya.

In barci ya fara ɗibar ƙanana,
Mu ce a ƙara, ta ce sai wata rana,
Ƙurunƙus kan kusu, ku je ku kwana,
Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Kun sha labari, ku maza, kun ƙoshi,
Ba wanda ya koya don shi bayar da shi,
Yau ka tashi ka ce waya ta kashe shi,
Taka wayar fa, Malam, tana ajiya?

'Yar Arkilla:

Gwaggo, a yi wa Baffa sassauci! Ni dai daga kasuwa nike, ga nawa tun da zafinshi.

Ni nawa daɗin shina Babbar Kasuwa,
Layin 'yan gwanjo, ran da dila ke fashewa.

Mata mun yi dafifi, kowa na tono,
Can ƙasan tsibi wata suwaita na gano.

Ja ce, maɓalli huɗu, ɗaya ya ɓata,
Daidai jikin Auta, ba sai an rage ta.

Ya faɗi kuɗi, na taya rabi, ya ce albarka,
Na juya baya, ya ce: zo ki ɗauka.

Wannan "zo ki ɗauka" ɗin, wallahi Gwaggo,
Ya fi ɗumama zuciya bisa ga bargo.

Sai man kaɗanya, curi biyu, don kaushi,
Da dutsen goge ƙafa, faso shi ji haushi.

Citta, kanumfari, masoro da kimba,
Don mura kar ta kwana gidana a Disamba.

Canjin da ya rage na ba mai rake,
Ya fere, ya datsa gaɓa-gaɓa, na hau keke.

Magarya gwangwani guda, goriba uku,
Na shiga gida ina kiran: yara, ga naku!

Suna shan rake sunka ce: Mama, tatsuniya!
Na jefa Gizo a gulbi, na mance sauran tafiya.

Na Kwalkwalawa:

Ɗan Mabera, gadar da kake kuka da ita, gefenta nika wuni. Ku ji ta bakin mai lambu.

Ku masu tsine wa ɗari ku sassauta,
Mu roƙo mukai shi daɗe a fadama.

Albasa sai ta sha sanyi tun tana ƙarama,
Kafin ta ɗaura kai, ta cika, ta yi girma.

Shekarar da ɗari ya yi gajarta,
Tambayi wanda ya zuba kuɗinshi a alkama.

Tumatir, tattasai, karas da latas,
Duk 'ya'yan rani ne, ruwansu na Rima.

Daga madatsar Goronyo ruwa ka gangaro,
Mu ja shi da inji, kuɗin mai na hawa sama.

Ƙafa cikin laka tun rana ba ta fito ba,
Yatsu su ƙage, ka kasa riƙon galma.

In an cire, buhu bisa buhu a tirela,
Har Ikko sai da tamu a kan soya nama.

'Yar Arkilla, kin sai rake kin wuce mu,
Ki biyo ta lambu, in ba ki gyara har da rama.

Mai Shago a Babbar Kasuwa:

Ina jin daɗin waƙoƙinku, amma duk wanda ya ambaci kasko sai gabana ya faɗi. Mu da munka ga gobarar Babbar Kasuwa ta watan Janairun 2021 ba mu wasa da wuta a wanga lokaci.

Iskar ɗari ƙawar wuta ce,
Komai ya bushe, tartsatsi ɗai ya ishe ta.

Muna tsaye hayaƙi ya rufe birni,
Dukiyar shekaru, wuni guda ta lashe ta.

Kowa za shi kwanta shi fid da kasko waje,
Gawayi a rufaffen ɗaki na kisa, ko ba harshen wuta.

Hitar ruwan wanka, in an ɗauke lantarki,
A zare ta daga bango tun ba a manta.

Na Minanata:

Gaisuwa daga Ingila, inda karatu ya kawo ni. Baiti uku gare ni, kewa ta cinye sauran.

Nan ƙarfe 4 na marece duhu ya shigo,
Sanyi mai ruwa, ɗaki da hita, ba kasko.

Na shiga kanti, komai da kuɗinshi a manne,
Ba tayi, ba albarka, ba "dawo ka ɗauko".

Da za a sai min safiya guda ta gida,
Ƙosai mai zafi a takarda da kwanon koko.

Baffa na Ƙofar Marke:

Hajiya ta Runjin Sambo, kin yi mini dukan kawo wuƙa, amma ki bari in yi numfashi. Birnin nan tun da Bello ya kafa shi a 1809 da karatu anka san shi, kuma wannan karatun ne ya fid da mu daga ɗakin kaka tun ba mu ƙoshi ba.

Hajiya, kin faɗi rabi, ga saura,
Mu maza da wuri anka raba mu da hira.

Da yaro ya tasa sai makarantar allo,
Marece ya yi, kowa shi tafi neman kara.

Wuta a tsakiya, alluna sun kewaye ta,
Malam na gefe, dorina na jira.

Gaba ya gasu, baya na shan iska,
Ka juya baya ga wuta, a ce biya sura.

Ku kuna can kuna kai Gizo ɓaure,
Mu muna nan hayaƙi na sa mu mura.

Kacici-kacici ɗai munka tsira da shi,
Shi kam ban mance ba, ku karɓa, yara.

Hajiya, ban da ke, ki kame bakinki:

'Yar ƙafa ɗaya, ba ta rawa sai an murza,
Tana juyi tana ƙiba, farin zane ta ɗaura.

Ɗan Mabera:

Ƙafa ɗaya, ga juyi, ga fari? Fanka ce!
In ba ita ba, Baffa, na sare, ba dubara.

'Yar Arkilla:

Fanka da ɗarin ga? Kai ka cika sauri,
Maburgin miya ne, Baffa, na cinka da wuri.

Baffa na Ƙofar Marke:

Maburgin gidanku ƙiba shikai, 'yar nan? Duk kun faɗi. A ba ni gari.

Ɗan Mabera:

Na ba ka Wurno, Baffa, da fadamarta duka.

Baffa na Ƙofar Marke:

Wurno na karɓa, in ziyarci hubbaren Bello,
In ci tuwon shinkafa, in bi shi da fura.

Da kun ƙara min Illela da kasuwarta,
Da na leƙa Ƙonni, amma ba ni ja da yara.

Mazari ne, zare ka naɗe shi shi yi ciki,
Hajiya ta ambace shi, wa ya saurara?

Ɗan Mabera:

Wallahi Baffa ko a hanya na gamu da mazari ba ni gane shi. An cuce mu, a sake wani.

Gwaggo ta Runjin Sambo:

Ba a sakewa, gari ya ciwu. Wanda bai san mazari ba shi zo shi gani. Ke kuma 'yar nan, kin bar Gizo cikin ruwa da wanga sanyi, ki kawo yaran in fid da shi.

Mazarin innata na nan a adaka,
Daren Juma'a bayan lisha ku zo ɗaka,
'Yar Arkilla, gyaɗa tiya guda ki ɗauka,
Mai ɓawo, ba soyayya ba, kin jiya?

Ɗan Mabera, kai ka kwaso yara,
Ka karɓi kuɗinka tun ba a fara,
Malam shi zo da jikoki, shi zo da kara,
Wayoyi duka a zuba su cikin ƙwarya.

Ɗan Mabera:

To Gwaggo, na ji. Amma a faɗa min yara nawa ne tun yanzu, babur ɗaya gare ni, kuma jikokin Baffa kaɗai sai an ɗauko keke.