Saki a Legas: ina makomar hannun jarin matar a kamfani?

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum. Mata da miji ne suka yi wa kamfanin dillancin hatsi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi kashi 70, ita kashi 30, da kuɗin gadonta. Yanzu ya sake ta saki ɗaya, yara uku, yana cewa igiyar aure ta tafi da jarinta. Haka ne? Kuma wa zai ciyar da su?

Barista, Ikeja:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba haka ba ne. A dokar kamfanoni ta CAMA 2020, kamfanin da aka yi wa rajistar limited, wato mai hannun jari, tamkar mutum ne mai zaman kansa. Kashi 30 ɗinta nata ne har sai ta sa hannu a takardar miƙa jari. Don haka kada ta sa hannu a komai, ko da an ce takardar sulhu ce, sai lauya ya karanta.

Abin yi yau: a ciro rahoton matsayin kamfanin daga shafin CAC, a ga ko sunanta na nan cikin masu jari da daraktoci. A duba ma ko limited ɗin ne da gaske, don da yawa rajistar sunan kasuwanci kawai suke yi, wanda babu hannun jari a ciki.

Sai irin auren. In na rajista ne, kamar na ofishin rajistar aure na Ikoyi, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke raba shi, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970: sashe na 70 ciyarwa, na 72 rabon dukiya. Babu dokar raba daidai a Najeriya. Alƙali yana duba abin da ya dace, kuma galibi sai an nuna shaidar gudummawa. In ɗaurin auren Musulunci ne kawai, wannan doka ba ta hau kansa ba.

Malam na Idi-Araba:
Barista ya yi daidai. A Musulunci aure ba ya haɗe dukiya: sadakinta, kayan ɗakinta, gadonta da abin da ta juya da shi duk nata ne. Ita ma ba ta da rabo a kashi 70 ɗinsa don kawai sun zauna tare.

Saki ɗaya kuwa ci da sha da wurin kwana suna kansa har ta gama idda, tsarki uku, ko ta haihu in tana da ciki. Ba a korar ta daga ɗakinta. Yara a mazhabar Malikiyya suna hannun uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare, muddin uwar ba ta auri wani bare ba. Ciyar da su wajibin uba ne. Akwai kuma kyautar sallama da aya ta 241 a Baƙara ta ambata, wadda mazanmu suka yi watsi da ita, abin takaici. Legas ba ta da kotun shari'a ta gwamnati, sulhun malamai sai da yardar ɓangarorin biyu. In ya ƙi ciyar da yara, ta tafi kotun iyali, dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007 tana nan.

Akanta, Mile 12:
Allah ya saka, Malam. Inda ake cutar mata shi ne wajen ƙimanta jarin. Mijin zai ce ta karɓi abin da ta zuba tun farko, alhali kamfanin ya girma. A lissafa buhunan da ke sito, motoci, kuɗin banki da bashin da ake bin 'yan kasuwa, a cire bashin da ke kan kamfanin, sannan a fitar da kashi 30. A nemi bayanan banki na aƙalla shekara uku, don wasu suna karkatar da ciniki zuwa asusunsu na kansu da zarar rigima ta fara. Ta kuma duba ƙa'idojin kamfanin, yawanci sai ta fara yi masa tayi kafin ta sayar wa wani. Kada a yarda a haɗa kuɗin jarin da kuɗin ciyar da yara a takarda ɗaya a ce an sallame ta. Kowanne a rubuta shi daban, da ranar biya da shaidu.