Golf ɗin da zan gani a Wudil, in tafi da bakanike?

Ɗan Gaya: Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na sai da bijimaina 2 na haɗa da kuɗin gyaɗa zan sayi Golf 3 in dinga jigilar ƴan kasuwa zuwa Wudil ranar Juma'a. Dillalin ya ce mota lafiya ƙalau, kiran bakanike ɓarnar kuɗi ne, shi kuma bakaniken garinmu ya ce sai na biya masa kuɗin mota da na aikinsa. In biya ko in haƙura?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam ɗana. Biya shi wlh, ko bashi za ka ci. Dillali la'adarsa yake nema, in mota ta tsaya maka a hanya ba za ka gan shi ba. Kuma ku je da sassafe tun ba a tada ita ba, ka ɗora hannunka a kan injin ka ji da sanyi, don in ta ɗau zafi tana ɓoye ciwonta. A tada ita kana tsaye a bayan salansa, hayaki mai shuɗi-shuɗi baƙin mai take sha, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwa ne ke shiga injin.

Na Ringim: Gaskiya Kawu ya faɗa. Ni abin da ya same ni har yau yana min ciwo, bayan ambaliyar 2022 na sai wata Sharon, fenti sai ƙyalli, ban kai kowa ya duba ba saboda mai ita mun san juna, ashe ta kwana a ruwa, sati 3 wayoyi suka fara rikicewa yau fitila gobe sitata, ranar da muka ɗaga kafet muka tarar da busasshen taɓo da tsatsa a ƙasan kujeru, na yi ta zaryar kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara har na gaji na sai da ita da asara. Ka ɗaga kafet, ka sansana cikinta.

Oga Mai Gareji: Ƙari a kan nasu. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa mai yiwuwa gasket ɗin injin ta ƙone. Wasu kuma mai kauri suke zubawa don ƙarar injin ta kwanta. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa an cike da foti, ta taɓa haɗari kenan. A shiga ƙarƙashi a duba shasi ko an yi walda. Sai ka hau titi da ita a sa duk giyoyin har ribas.

Malam na Hadeja: Takardu fa? Lambar shasi guda 17 ce haruffa da lambobi, ta jikin mota ta zo ɗaya da ta takarda, a ga na kwastan ma. Kuma kar ka bar bakanikenka ya keɓe da dillali, ana yi musu alƙawarin wani abu.

Ɗan Gaya: Allah ya saka da alheri. Kawu in dillalin ya ƙi yarda a duba fa?

Kawu Direba: Ka riƙe kuɗinka ka juyo gida, Golf ba ta ƙare a Kano ba. Ranar Juma'ar ina da lodi Wudil, kira ni bayan asuba mu je tare da bakaniken naka.