Ɗora jirgin ruwa kan tirela a bakin Tiga

Jiya da la'asar muka zauna da masunta a bakin madatsar Tiga kan jirgin da ya ƙi hawa tirela, wato abin ɗaukar jirgi mai taya da mota ke ja, kullum sai ya karkace. Mafi yawansu sun ce laifin zurfi ne. In ka tura tirelar can cikin ruwa, jirgin yana yawo a samanta, bai sami katakon tirelar da zai zauna a kai ba. Kana ja sai gindinsa ya goce gefe. Wani dattijo ya ce, "Yaro, bar bakin katakon a waje, ruwa ya rufe kamar kashi biyu cikin uku kawai." Ni ma nan na fi yarda, don na ga an gwada.

Iska kuwa, a shigo ta ɓangaren da take busowa, ita za ta daidaita jirgin. A kwashe ruwan ciki, a ɗaga injin kafin a ja.

Da rani, lokacin da ake sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa, ruwan madatsar yakan ja baya, gaɓar takan zama taɓo mai santsi. Ja birkin hannu na motar, ka sa dutse bayan taya.