Idan gari ya sauki baƙin matasa 'yan sa-kai, me yake samu?

Manomin shinkafa, Argungu:
Assalamu alaikum. Wata ƙungiya ta aiko wa ƙungiyarmu ta manoma takarda ta hannun mai unguwa, tana neman gidajen da za su sauki matasa 'yan sa-kai daga ƙasashen waje har wata uku, su yi aiki da mu a fadama, su kuma taimaka a makarantar firamare. Baƙo ba sabon abu ba ne a Argungu, domin lokacin bikin kamun kifi har Turawa muke gani a bakin kogin Matan Fada, amma waɗancan 'yan kwanaki suke yi su tafi. Waɗannan kuwa cikin iyalinmu za su zauna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba, me zai koya wa wanda ya shekara 30 yana dashen shinkafa?

Tsohon malamin makaranta, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Harkar ta daɗe. An kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a Ingila a 1958, Amurka kuma ta kafa irinta mai suna Peace Corps a 1961 zamanin Shugaba Kennedy, kuma dukansu sun turo malamai makarantun Arewa. Ni kaina ɗaya daga cikinsu ya koya mini lissafi a sakandare, har yau ina tuna yadda yake ɗebo duwatsu a gindin darbejiya yana nuna mana rabawa da Hausarsa mai gargada. Sai dai shi shekara biyu ya yi, kuma da iliminsa ya zo wurin da ake da ƙarancin malamai. Wata uku kuwa kafin baƙo ya iya gaisuwa, ya saba da zafin bazara da tuwon shinkafa, lokacin komawarsa ya yi. A ganina shi ne zai fi ƙaruwa da ku, kuma wannan ba aibi ba ne in dai an faɗa muku gaskiya tun farko.

Tsohuwar 'yar sa-kai, Zuru:
Baba Malam ya yi gaskiya, amma ina neman izinin ƙara abu ɗaya. Shirin matasa 'yan sa-kai na ICS da gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar nauyinsa a 2011, a lokacin da yake aiki, yakan haɗa matashin da ya zo daga waje da ɗan ƙasa, 'yan shekara 18 zuwa 25, su zauna gida ɗaya su yi aiki ɗaya. Na shiga wani shiri mai irin wannan tsari, kuma a can na koyi tsayawa gaban dattawa in yi bayani, da rubuta lissafin kuɗi dalla-dalla, abin da nake cin abinci da shi yanzu. Abokiyar zamana kuma ta koyi ɗaukar ruwa a ka da daka gero. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ɗakin karatun da muka gyara: ba a tambayi mutanen garin ko shi suke bukata ba, ba a kuma damƙa shi a hannun kowa ba, shi ya sa da na koma bayan shekara na tarar da kwado a ƙofa, gara ta cinye littattafan. Alhaji, ku nemi a haɗa kowane baƙo da yaronku, kuma ku ne za ku zaɓi aikin.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma, Jega:
Ranka ya daɗe, kafin komai ku nemi ganin takardar rajistar ƙungiyar, ku sanar da hakimi da jami'an tsaro da hukumar shige da fice, a kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyin abinci da magani idan zazzaɓin cizon sauro ya kama baƙo. Duk wanda ya ce sai kun biya kuɗi kafin a kawo su, ku rabu da shi. Sannan idan musaya suka kira abin, ku tambaye su ko namu yaran za su je can. Nijeriya ma tana tura ƙwararrunta 'yan sa-kai ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan tun 1987 ƙarƙashin shirin TAC, na shekara biyu-biyu.

Manomin shinkafa, Argungu:
Na gode ƙwarai. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu zauna da mai unguwa, kuma zan kai maganar haɗa su da yaranmu. Aikin da ke gabanmu a yanzu shi ne rubuta bashin taki da na man injin ban-ruwa, wanda kullum yake jawo mana saɓani bayan girbi, don haka shi zan fara sa musu a gaba.