Amfilifayar da na haɗa tana ƙugi, sautinta kuma yana kakkaryewa

Mai tambaya, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu hannu a harkar lantarki. Na haɗa ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da ayisi (guntun lantarki mai ƙafafu) mai lamba TDA2030 don Islamiyyar unguwarmu, malamai su riƙa saka karatu daga wayar hannu. Batirin sola mai volt 12 ke ba ta wuta, sifikar mai om 4 ce. In an ƙure murya sai sautin ya riƙa kakkaryewa, in wayar tana caji kuma sai ƙugi ya taso. Layin hagu da na dama na jak ɗin, na murɗe su wuri guda na kai ƙafa ta 1 ta ayisin, inda sauti ke shiga. Ta ina zan fara?

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara kwance murɗin nan. Hagu da dama kowanne da nasa sautin, in ka haɗa su kai tsaye turereniya suke yi, har wayar malam tana iya samun matsala. Sa wa kowanne rezista mai 1k, sannan su haɗu su shiga abin murɗa murya mai 10k. Daga ƙafarsa ta tsakiya sai kafasita mai 1uF, kafin ƙafa ta 1.

Tunda da batir ɗaya kake aiki, ɗora mita a ƙafa ta 4, inda sauti ke fita. Ya kamata ka ga rabin wutar, wajen volt 6. In ka ga sifili ko 12, to ba ka raba wa ƙafa ta 1 wuta ba: rezista biyu masu 100k tsakanin fozitif da negetif, kafasita mai 22uF daga tsakiyarsu zuwa negetif, sai wata 100k daga nan zuwa ƙafa ta 1. Kada sifika ta taɓa ƙafa ta 4 sai ta bayan kafasita mai 2200uF, in ba haka ba za ka ji ƙaurin koyil ɗin sifikar.

Ɗalibin injiniya:
Baba ya gama magana kan shigar sauti. Sai dai ko an gyara duka, kakkaryewar ba za ta tafi ba. Wat 14 da ake faɗa wa TDA2030 sai da wuta mai ɓangare biyu, volt 14 sama, 14 ƙasa. Volt 12 shi ne mafi ƙarancin abin da take tashi da shi, da ƙyar za ta ba ka wat 3 mai tsabta. Yunwa take ji kawai.

Wani mai haɗa sifiku:
To ya nemi taransifoma mai 12-0-12 mana, da diyod huɗu da kafasita biyu masu 4700uF, volt 25. Zai samu wajen volt 16 kowane ɓangare. Amma iyakar TDA2030 18 ce, in wuta ta zo da ƙarfi an kusa gaɓa. Kuma a wannan haɗin bayan ayisin yana ɗauke da wutar negetif, sai an sa maika, siririn fallen da wuta ba ta ratsawa, tsakaninsa da ƙarfen sanyaya.

Mai tambaya:
Na gode, Yaya. Amma karatun bayan la'asar ne, sola muka dogara da ita, taransifoma kuwa sai da wutar NEPA.

Mai gyaran rediyo:
To ka bar batun taransifoma. Nemi haɗaɗɗen allon amfilifaya mai ayisin TDA7297, an yi shi don irin wannan wutar, daga volt 6 zuwa 18. Da sifika mai om 8 zai ba ka wat 6 zuwa 7 ga kowace sifika, ya ishi aji. Sharaɗinsa ɗaya: wayoyin sifikarsa biyun duk masu wuta ne, kada ko ɗaya ta taɓa negetif ko jikin akwati. Ƙarfen sanyaya ka sa babba, ka san zafin Kano a watan Afrilu, balle ƙarƙashin kwano.

Ƙugin kuwa, na yi imani cajar tana shan wuta daga batirin nan ne. Negetif ya samu hanya biyu ke nan, ta caja da ta jak, dattin cajar yana biyo layin sauti. Zare cajar ka saurara. In ya ɗauke, a riƙa cika wayar kafin karatu. Layin sautin ya zama mai raga a jiki, gajere, nesa da na batir, negetif duka su haɗu a ɗigon dalma ɗaya. Sa fis mai amfiya 3 dab da kan batir, don wuri ne na yara. In ka gama, faɗo mana abin da mita ta nuna.