Don Allah a ba ni shawara: wane wata zan kai Hajiya Giranada?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Mahaifiyata za ta zo wurina nan Jamus. Marigayi Baba malamin tarihi ne, a bakinsa ta ji labarin Andalus da yadda Musulmi suka miƙa birnin Giranada da ke Sifaniya ta yau a 1492, kuma tun rasuwarsa ba ta da zance sai na ganin fadar Alhamra da ke birnin da idonta. Yayyena maza suka ce ɓarnar kuɗi ne, gara a sake kai ta umara. Har rai ya ɓaci a gida, babban yayanmu ya daina ɗaga wayata, amma na tsaya kai da fata. Yanzu lokaci ne matsalar. Maigida a Agusta kawai yake samun hutu, yara ma haka. Ga Hajiya da ciwon gwiwa. Mu tafi a Agustan?

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Maman Ilham, kada ki kuskura. A Yuli da Agusta zafin kudancin Sifaniya yakan kai 40, a Ƙurɗuba ma ya haura 46 a Yulin 2017. Alhamra a kan tudu take, kuma zagaya ta duka, daga fadojin Banu Nasr (sarakunan Musulmi na ƙarshe a Giranada) har lambun Generalife, tafiyar ƙafa ce ta wajen awa uku, ga matattakala. Mayu ko Oktoba, shi ke nan.

'Yar Damagaram: Haba Baban Khalifa, dattijuwar da ta sha zafin Afrilu a gida za a tsorata da rana? Sanyi ne abin gudu. Garin Giranada yana gindin duwatsun Sierra Nevada masu ƙanƙara, a Janairu da dare sai ka ji ƙashinka na tsami. Gwiwa ba ta shiri da sanyi. Ni ina bayan Agusta.

Ɗan Zango: Kuna ta lissafin wata, bizar ta fito ne? Na nema wa surukata, muka haɗa takardun banki da inshora da wasiƙar gayyata, aka riƙe fasfo wata da watanni, ƙarshe aka hana. Ko sisi ba a mayar mana ba. Har yau matata na jin zafin abin.

Baban Khalifa: 'Yar Damagaram, a gida cikin inuwa Hajiya take wuni, ba ta hawa tudu da azahar. Abin da na sani nake faɗa. Ko Afrilun ma a duba kalanda, a kauce wa makon Ista, don tituna cika suke da jerin gwano, kuɗin masauki ya yi sama. Kuma tikitin fadojin da lokacinsa a rubuce, da sunan mutum da lambar fasfo. In kin makara ba za a bar ki ki shiga ba, kuma yakan ƙare tun da sauran makonni.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya saka. Amma ku fahimce ni, ba zan iya da yara da Hajiya ni kaɗai ba, dole sai da maigida. Kuma na riga na biya masauki a unguwar Albaicín, kusa da masallacin da aka buɗe a 2003, don ta riƙa salla a can tana hango fadar. Masu masaukin ba sa mayar da kuɗi. Da 8:30 na safe ake buɗe Alhamra, sai mu yi sammako mu dawo kafin rana ta take.

Baban Khalifa: Albaicín? Lungunan nan na tsakuwa masu hawa da gangara, wasu ko tasi ba ya shiga? Da gwiwar Hajiya? Ki nemi masauki a ƙasan gari, ko da kin yi asarar na farko.

Maman Ilham: Mai gidan ya ce ƙaramar bas na tsayawa kusa da ƙofa. Hajiya ta yi sa'ayi da ƙafarta bara, ba ta yarda an tura ta a keke ba.

'Yar Damagaram: Akwai ziyarar dare ma, ki duba. Amma Ɗan Zango ya yi tambaya, bizar fa?